"Wani hani ga Allah baiwa ne": wa ya kamata ya faɗe ta?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 na Legas ranar 1 ga Yuni 2022, har da Ikeja da Surulere da Apapa, ban jima ba aka ƙwace mini babur, saura wata 3 in gama biyan kuɗinsa. A daren na zauna bakin masallaci, hular kwano na hannuna ban ma san ina riƙe da ita ba. Wani dattijo ya dafa ni ya ce, "Wani hani ga Allah baiwa ne." Wallahi raina ɓaci ya yi. Laifi na yi?

Baba Mai Tumatir: Wa alaikumus salam. Yaro, saurari kalmar farko. "Wani" aka ce, ba "kowane" ba. Ni nan kasuwar Mile 12 na taɓa rasa gurbi a motar da za ta kawo tumatir, kwandunana suka kwana a Kano. Washegari labari ya zo motar ta lalace a hanya, tumatirin da ke cikinta duk ya ruɓe. Wannan na ga baiwarsa da idona. Amma akwai asarar da na yi shekara 20 ina jiran baiwarta, shiru.

Hajiya Idi-Araba: Baba, ni ba ma'anar ce ta dame ni ba, bakin da ke faɗa ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda abin ya sama shi zai waiwaya bayan shekaru ya faɗa da kansa. Ranar da aka fasa auren 'yata, an riga an ɗinka anko, maƙwabciya ta shigo da wannan maganar tun ba ta cire takalmi ba. Da ta zauna ta taya ni kwashe kwanuka, da ya fi.

Malam na Obalende: Hajiya, a yi wa dattijon adalci. Tunatarwa ya yi. Kuma ba dole ba ne mutum ya ga baiwar. Wata musiba ce aka kau da ita bai sani ba. Wa ya san abin da ke jiran babur ɗin a titin Ikorodu?

Hajiya Idi-Araba: Gaskiya ne Malam. Amma ko magani ai ba a ba mutum a cikin da ba abinci.

Ɗan Agege: Na gode. Yanzu gadi nake a Lekki, bashin na gama biya bara. Hular tana nan a rataye, wani ya taya naira 3,000 na ƙi sayarwa. Dattijon nan muna haɗuwa duk Juma'a, sai ya ce, "To, ka ga baiwar?" In ce, "Tukuna, Baba."