Neman taimako: haɗa bot ɗin Telegram da akwatin saƙonnin abokan ciniki

Assalamu alaikum. Ina da bot a Telegram wanda yake amsa tambayoyin abokan ciniki, kuma ina so duk tambayar da ta fi ƙarfinsa ta wuce zuwa akwatin da ma'aikatanmu suke dubawa, domin mutum ya karɓi zancen daga inda bot ya tsaya.

Inda na maƙale shi ne, adireshi ɗaya tak Telegram yake ba kowane bot damar tura masa saƙonni. Idan na sa na akwatin, bot ɗin ya yi shiru, idan kuma na mayar da nasa, ma'aikata ba sa ganin komai. Sai na kafa ƙaramar sabar a tsakani mai tura kowane saƙo zuwa ga bot ɗin da kuma akwatin. Saƙonni suna isa, amma wasu suna shiga akwatin sau biyu, kuma ina zargin sabar tawa ce take jinkirin mayar da lambar 200 (amsar da ke shaida wa Telegram cewa saƙo ya isa) har a sake turo saƙon. Abin da ya fi damuna ma, bot ɗin yana ci gaba da tsoma baki bayan ma'aikaci ya fara amsawa.

Don Allah, ta wace hanya ake dakatar da shi a hira ɗaya kaɗai har sai an rufe ta? Na gode.