Alkalde a Manila: alƙali za mu ce, ciyaman, ko magajin gari?

Salam 'yan'uwa. Jiya da daddare ina fassara wani ɗan labari kan zaɓen Filifin sai na ci karo da kalmar alkalde, wato sunan da suke kiran shugaban birni a can, har na rubuta alƙali na wuce, sai da na je layi na uku na ga ai mutumin nan maganar kwashe shara da kasuwanni yake yi, wane alƙali ne kuma da kwashe shara? Shi ne na ce bari in kawo nan mu tsayar da magana ɗaya.

Abin da ya ruɗe ni ba banza ba ne fa. Alkalde daga Sifaniyanci suka aro ta, su kuma Sifaniyawa daga Larabci suka samo tun zamanin Andalus, al-qadi, inda mu ma muka samo alƙali. Uwa ɗaya ce ta haife su, ɗaya ya biyo Sahara ya sauka Kano da Katsina, ɗaya ya hau jirgin ruwa sai Manila, babban birnin Filifin. Kuma da farko aikin ma kusan ɗaya ne, don lokacin da Miguel López de Legazpi ya kafa birnin Sifaniyawa a Manila a 1571, bayan an ture su Raja Sulayman da ke mulkin wurin, majalisar birnin tana da alkalde guda biyu ne kuma shari'a suke yankewa. To da a ce labarin 1571 nake fassarawa da na bar alƙalina. Amma na yau ba ya zama kotu, abin da ya rage masa na alƙalanci shi ne ɗaurin aure, doka ta ba shi wannan ikon har yanzu.

Wani ɗan'uwa ya ce in sa ciyaman kawai kowa ya gane. Yallaɓai na ji, amma duba ka gani. Dokar ƙananan hukumominsu ta 1991 ta ba shi wa'adin shekara 3, kuma ba ya wuce zango uku a jere, shi ke ba da lasisin kasuwanci, shi ke kai kasafin kuɗi gaban majalisa, yana iya ƙin sa hannu a dokar da kansiloli suka yi, har 'yan sandan birni yana da ta cewa a kan yadda ake tura su aiki. Ka faɗa min ciyaman ɗin da ke da wannan a wajenmu, wanda sai ya jira abin da gwamna ya sakar masa. Sannan kujera ce da tsohon shugaban ƙasa ke saukowa ya nema, Joseph Estrada ya mulki ƙasar daga 1998 zuwa 2001, ya dawo ya riƙe Manila daga 2013 zuwa 2019. Rodrigo Duterte kuwa sama da shekara 20 ya yi yana riƙe da birnin Davao kafin ya zama shugaban ƙasa a 2016. In na rubuta ciyaman mai karatu zai hango sakatariya da tsohuwar mota a bakin ƙofa, ba zai gane girman abin ba.

Su kansu 'yan Filifin fa sun sha wannan muhawara tamu. Suna da punong lungsod, shugaban birni kenan a yarensu, a bakin titi kuma meyor ake cewa, wadda suka tsinta a wajen Amurkawa. Har akwai Antonio Villegas da ya hau kujerar Manila a 1962, shi ya ƙi na aro duka, ya riƙa kiran kansa Gatpuno, ya haɗa gat da ake girmama manya da ita a da, da puno wato shugaba. Abin ya burge ni wlh, amma dai yau in ka saurare su meyor ɗin za ka fi ji. Ƙirƙirar kalma daban, mutane su ɗauka daban.

To sai magajin gari, wadda gidajen rediyo suka daɗe suna amfani da ita, magajin garin Landan, magajin garin Istambul. Wata hajiya ta yi min ƙorafi mai ma'ana, ta ce wannan sarauta ce ta rawani, a Sakkwato Magajin Gari yana cikin masu zaɓen Sarkin Musulmi, a Zazzau ma Ahmad Nuhu Bamalli ita ya riƙe kafin ya zama sarki a 2020, ta yaya za a naɗa wa ɗan siyasa mai liƙa fosta? Hajiya ranki ya daɗe maganarki gaskiya ce, amma 'yan'uwanmu na Nijar sun riga sun warware mana, a Maraɗi da Damagaram wanda ke riƙe da ma'aikatar gari magajin gari ake ce masa ba rawani ba algaita, kuma babu wanda ya taɓa ruɗa shi da na fada. Kalma tana iya ɗaukar kaya biyu. Abin dariyar ma shi ne gado da ke cikin sunan ya fi dacewa da Filifin, don a garuruwa da yawa in uba ya cika zangonsa uku sai matarsa ko ɗansa ko 'yarsa ta riƙe masa kujerar ya huta ya dawo, su Duterte haka suka yi ta yi a Davao shi da 'ya'yansa.

Inda nake ganin Hausa ta fi su ma wadata shi ne wajen rarrabe naɗaɗɗe da zaɓaɓɓe. Daga 1901 da Amurkawa suka ɗora Arsenio Cruz Herrera har shekara 50 bayan nan, naɗa shugaban Manila ake yi daga sama, mutanen gari sai dai su ji sanarwa. Sai a zaɓen 1951 suka fara jefa ƙuri'a, Arsenio Lacson ya ci, kuma a kan kujerar ya rasu a 1962. Haka bayan an kori shugaban ƙasa Marcos a 1986, wadda ta gaje shi, Corazon Aquino, ta sauke masu ci ta zuba na riƙo, Manila aka ba Mel Lopez. Duk waɗannan su kalma ɗaya suke kiransu da ita ko su yi ta doguwar jimla, mu kuwa muna da kantoma a ajiye, kowa ya san kantoma ba zaɓarsa aka yi ba.

Don haka ni dai ga inda na tsaya: zaɓaɓɓe magajin gari, naɗaɗɗe kantoma, in mace ce kamar Honey Lacuna da ta zama ta farko a Manila a 2022, magajiyar gari. 'Yan majalisarsa kansiloli. Shugabannin barangay, wato unguwanninsu, waɗanda Manila kaɗai ke da kusan 900, masu unguwa ne, duk da su ma da ƙuri'a ake hawa.

Wanda ya rage min a wuya shi ne na biyun alkalde. Mataimaki za a ce, amma zaɓensa daban ake yi, yana iya fitowa daga jam'iyyar adawa, kuma babban aikinsa shi ne shugabantar zaman kansiloli, sai in kujerar sama ta faɗi ya haye kamar yadda Villegas ya gaji Lacson. Mataimakin da ba lallai ya taimaka ba kenan. Na sa mataimakin magajin gari a fassarar don an matsa min in miƙa da safe, amma mutanen Damagaram da Tawa dan Allah ku ya kuke ce wa naku?