Babur ɗan 300 ko dodon 1000: wanne ya cancanci kuɗinka?

Ɗan Zariya: Salamu alaikum jama'a. Zan faɗi magana, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri. A hanyoyinmu na Arewa, wanda ya sayi babur mai cc 1000 (cc shi ne ma'aunin girman inji) ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai taɓa amfani da shi ba. Yamaha R3 ko Kawasaki Ninja 400 sun fi shi daɗin hawa, sun kuma fi shi sauƙin riƙo. Yamaha R1 mai cc 1000 tana da ƙarfin doki kusan 200, a giya ta ɗaya kawai tana haura gudun kilomita 130 a awa. To a ina za ka sa ta uku? A Kwangila? R3 kuwa cc 321 ce, doki 42, kana murɗa totur har ƙarshe, kana canza giya, kana jin kai ne ke tuƙa ta.

Alhajin Hotoro: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka taɓa tashi daga Kano zuwa Kaduna a kan ɗan 300 ɗin nan? Tafiyar ta haura kilomita 200. Injin yana ta kururuwa, hannuwa suna zirr, kafin ka kai Zariya yatsu sun mutu. Ka zo wuce tirela biyu a jere, ga mota na tahowa a gabanka, a nan za ka san amfanin ƙarfi. Babban babur taɓawa ɗaya ka fice. Ni a wurina ƙarfin nan kariya ne.

Ɗan Zariya: Ranka ya daɗe, sau nawa a shekara ake wannan tafiyar? Sauran kwanakin ai cikin gari ake.

Oga Bakanike: Bari in sa baki, tunda wurinmu duka suke ƙarewa. Alhaji yana da gaskiya a kan doguwar hanya, amma ku zo gareji ku ga abin da nake gani. Babban babur a go-sulon Kano cikin watan Afrilu azaba ce. Fankar lagireto ba ta hutawa, zafin injin yana dukan cinya har mutum ya riƙa buɗe ƙafa, ga kuloci yana cin wuya. An ƙera su ne don iska ta riƙa ratsa su da gudu. Sannan taya. Ta bayan R1 faɗinta milimita 190, roba ce mai laushi, tana cinyewa da wuri, ta R3 kuwa 140 ce, kuɗinsu ba ɗaya ba. Ka faɗa rami ɗaya mai kaifi wili ya lanƙwashe, kuma ba irin na Boxer ba ne da za ka leƙa Sabon Gari ka ɗauko. Sai an yi oda daga Legas ko daga waje, da dala. Akwai wata babba da ke jingine a wurina an lulluɓe ta da tamfol, ƙura ta rufe tankin, firikwensin lantarki guda ɗaya kawai take jira. Mai ita kullum sai ya kira.

Alhajin Hotoro: Oga, ai ƙananan ma ba a Sabon Gari ake samun kayansu ba.

Oga Bakanike: Haka ne Alhaji, amma silinda biyu na R3 da huɗu na R1 ba ɗaya ba. Fulogi biyu, baƙin mai kaɗan, sarƙa mai araha. KTM RC 390 ma silinda ɗaya ce, kuma kamfanin Bajaj ne ke ƙera ta a Indiya.

Malam Na Maraɗi: Ni abin da ya fi damuna rai ne. A Turai matashi ba ya tashi kai tsaye ya hau dodo. Akwai lasisin A2 wanda ya tsaya a doki 47, sai mutum ya yi shekara biyu da shi ko ya kai shekara 24 sannan a ba shi na manya. Shi ya sa R3 da Ninja 400 suka tsaya ƙasa da wannan iyaka. Mu kuwa yaro ya sauka daga Jincheng yau, gobe an sayo masa ɗan kwatano mai cc 1000, ko hular kwano ta kirki babu. Ga akuya, ga ɗan sahu da zai juya ba sigina, ga yashi a kwana. Allah ya tsare.

Alhajin Hotoro: Amin Malam. Wannan ban musa ba, ɗana ma ba zan ba shi makullin tawa ba. Amma laifin na mai hawa ne. Kuma ku bar raina maganar daɗi. Suzuki Hayabusa tun 1999 ake maganarta har yau, akwai dalili. Ƙarar silinda huɗu idan ta buɗe, da yadda babur ke zama daram a kan kwalta iska ba ta kaɗa shi, ɗan 300 ba zai ba ka wannan ba. Wanda ya sayi ƙarami, bayan shekara ɗaya yana neman mai saye.

Ɗan Zariya: Kuma yana samun mai saye nan take, Alhaji, don masu iya riƙe ta sun fi yawa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 lissafi ya canza. Tankin R3 lita 14, na R1 lita 17, amma ƙaramar ce ke yin nisa da nata. Wanda babur ɗinsa ke fita kullum ya fi morewa a kan wanda sai Lahadi yake kunna nasa.

Auta: Yayyena, ni sabo ne. Boxer nake hawa, na tara kuɗi, an nuna min Yamaha R6 mai cc 600 ta hannu da kuma Ninja 400. Na ɗauka 600 ce tsaka-tsaki.

Oga Bakanike: Auta, kada lambar ta ruɗe ka. R6 ta haura doki 110, kuma ƙarfinta a sama yake ɓuya, sai allurar juyin inji ta hau take fizga ba zato. Ba ta koyo ba ce.

Alhajin Hotoro: A nan kam ina tare da Oga. Ɗauki Ninjar, ragowar kuɗin ka sayi hula mai rufe fuska gaba ɗaya da safar hannu da jaket. Amma Ɗan Zariya, maganarka ta farko har yanzu ban karɓa ba. Ranar Asabar mu kama hanyar Kaduna tare, kowa a kan nasa.

Oga Bakanike: Auta, kafin ka biya ka kawo min ita in duba sarƙa da wili, ka kuma tabbatar takardun kwastan ɗinta sun cika.