Asma da ƙiba: gado ɗaya ne ko kuwa?

Yaya Habibu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ji Inna Rabi ta daina cin tuwon dare, wai likita ya ce ta rage jiki ko asmarta za ta lafa. Ni ban ga amfanin wahalar da tsohuwa ba. Masu bincike sun gano asma da ƙiba tushensu ɗaya a ƙwayoyin gado. Ku dubi gidanmu na Tudun Wada mana: marigayiya Kaka mai jiki ce kuma mai fuka, Inna Rabi haka, ga Ummi nan ma tana tasowa a kan wannan hanya. Abin da ke cikin jini yunwa ba ta fitar da shi.

Binta: Wa alaikumus salam Yaya. Alaƙar tana nan, amma ka kai ta inda ba ta kai ba. A 2005 masu bincike a Jami'ar Washington ta Amurka sun duba tagwaye sama da dubu, suka ga kusan kashi 8 cikin 100 na gadon ƙiba ne ya yi tarayya da na asma. Kashi 8 fa, Yaya. Sauran kowa da hanyarsa.

Nasiru: Anti Binta, ni dai ina bayan Yaya kaɗan. A ajinmu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru mun karanta wata ƙwayar gado da ake kira ADRB2. Ita ke samar da makamar da maganin shaƙa na Ventolin ke kamawa ya buɗe hanyoyin numfashi, kuma wannan makamar tana jikin ƙwayoyin kitse, tana taimakawa wajen ƙona shi. Sannan binciken da aka yi da bayanan UK Biobank, mai ɗauke da mutum wajen 500,000 a Birtaniya, ya nuna tarayyar gadon ta fi ƙarfi a asmar da ke kama mutum bayan ya girma. Irin ta Inna kenan.

Kawu Isa: Ku yara kun cika son dogon bayani. Ku je Sabon Gari da hunturu ku ga yara sirara kamar sillen kara suna haki. Ina ƙibarsu? Ƙura ce, da hayaƙin itace, da janareta a bakin taga, da maganin sauro na kunnawa a ɗaki a rufe.

Nasiru: Gaskiya ne Kawu, asmar yara daban take. Ƙwayar da aka fi danganta ta da ita, ORMDL3, an gano ta a 2007, shekarar da aka gano FTO ta ƙiba, kuma ba wuri ɗaya suke zaune ba.

Anti Zulai: Habibu, bari in faɗa maka abin da ba ka sani ba don kana ƙarami lokacin. Ranar da aka kawo Rabi gidan nan siririya ce, zani ma sai ta ninka. Da fukar ta soma, duk sanda ta tashi sai a aika kemis a sayo mata ƙananan fararen ƙwayoyin nan, ta yi ta sha wata da watanni babu likita. A idona fuskarta ta cika ta yi zagaye, wuya ya haɗe da kafaɗa, ci ya buɗe. Kuma da ta hau matakala sai ƙirji ya toshe, dole ta daina yawan zirga-zirga. To a nan wa ya jawo wa?

Binta: Allah ya saka da alheri Anti. Prednisolone kenan, kuma ƙiba na cikin sanannun illolinsa idan aka daɗe ana sha. Danginsa ne dexamethasone da 'yan mata ke sha da sunan “sha ka fashe”. Don Allah a ja wa Ummi kunne tun yanzu. Yaya, abin da ya fi damuna a maganarka shi ne wai rage jiki ba shi da amfani. Teɓa tana danne huhu daga ƙasa ta hana shi buɗewa sosai, musamman in mutum ya kwanta. Kitsen kansa yana fitar da sinadarai irin su leptin masu rura kumburi a jiki. Ga ƙwannafi da ke tayar da tari cikin dare. An ga masu asma da suka rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsu sun samu sauƙi. Ko mai ɗauke da FTO daga uwa da uba duka, kimanin kilo 3 ne bambancinsa da wanda ba shi da ita, kuma motsa jiki na rage tasirinta.

Yaya Habibu: To amma gida ɗaya mutum uku, ki ce ba gado ba?

Binta: Ban ce babu gado ba. Amma su ukun tukunya ɗaya suka ci, murhu ɗaya suka shaƙa.

Nasiru: Kuma yawancin waɗanda aka yi binciken nan a kansu Turawa ne. Ba lallai yadda abin yake a jininsu ya zama haka yake a namu ba.

Yaya Habibu: Ni har yanzu ina ganin jini ya fi ƙarfi. Kwana da yunwar nan kuma ban yarda da shi ba.

Binta: A wannan muna tare. Ta ci abincinta da wuri kafin isha, a rage mai da lemon kwalba, ta riƙa ɗan tattaki a tsakar gida idan ƙura ta kwanta. Ka kai ta asibitin koyarwa na Shika a sake duba ta, ku tafi da duk magungunan da ke cikin kwanon nan nata, a tambaya ko tana buƙatar abin shaƙa na kariya wanda ake amfani da shi kullum.

Yaya Habibu: Shi ke nan. Anti Zulai, ki shirya ki raka mu, ke kika san tarihin ciwon tun farko.