Tambaya kan haɗa wa tumaki takin yuriya a lokacin rani

Mai kiwo, Basawa:
Assalamu alaikum. Ina da tumaki 12, kuma tun da harawata ta ƙare, karan dawa da 'yar dusa kaɗai suke samu, har haƙarƙarinsu ya fara fitowa. An ce mini ana zuba musu takin yuriya a abinci. Shin yana da amfani, ko kuwa guba ne?

Malamin dabbobi, Samaru:
Wa alaikumus salam, Malam. Yana da amfani, kuma yana kisa, ya danganta da yadda aka ba da shi. Asali ba tunkiyar yake ciyarwa ba, ƙananan halittun cikin tumbinta yake ciyarwa. Karan dawa ba ya cika kai kashi 5 cikin 100 na furotin, alhali halittun nan suna buƙatar kimanin kashi 7 kafin su narkar da shi sosai, shi ya sa dabba take cika ciki amma tana ramewa. Yuriya tana ɗauke da sinadarin naitirojin kashi 46 cikin 100, wanda halittun suke juyawa ya zama furotin. Kada ta wuce giram 10 a kilo ɗaya na busasshen abinci, a fara da giram 2 ko 3, a ƙara sannu a hankali cikin mako biyu, a cuɗa da dusa sosai. Ba a ba 'yan raguna masu shan nono, ko jaki, ko dabbar da ta wuni da yunwa.

Uwargida, Tudun Wada:
Ni dai, ɗan'uwa, tsoron ba su kai tsaye nake yi, don haka karan nake jiƙawa. Ina narkar da kilo 4 na yuriya a ruwa lita 50, in yayyafa wa kilo 100 na yankakken kara, in danne a rami, in rufe da leda mako uku. Idan aka buɗe, warinsa har hawaye yake sawa, sai ya sha iska kwana ɗaya kafin su ci.

Malamin dabbobi, Samaru:
Hanyar Hajiya ta fi aminci, kuma tana tausasa karan. Malam, idan ka ga tunkiya tana dalalar da miyau, tana makyarkyata, cikinta ya kumbura jim kaɗan bayan cin abinci, a ɗura mata ruwan khal (binega) da ruwan sanyi, a kira likita nan take. Haka kuma kada ruwan sama ya taru a kwamin abincinsu, domin shan yuriyar da ta narke ya fi komai haɗari.