Wa ya taɓa cinye wata guda yana sake fasalin kod ɗin da ke aiki?

Ɗan Yantala:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ina son kowa ya faɗi yadda ta kasance masa, don ni abin nan ya ci ni. Shekara 3 ina rubuta kod da harshen PHP, bana na shiga harshen Python, na ce bari in yi wa yayana ɗan porogaram na lissafin kaya, yana da shago a Katako yana saida siminti da kwano. Cikin sati 2 abu ya tashi, yana shigar da kaya yana ganin cinikin rana. Sai na gano ana iya dunƙule bukul, wato umarnin da ke maimaita aiki, a layi ɗaya, na bi duka na dunƙule su, sati na gaba na gano class, wato hanyar tara bayanai da ayyukansu wuri guda, na rushe komi na maida shi class, bayan nan na ga bidiyon wani ya ce a raba fishiye-fishiye, nan ma na bi. Wata guda cur ban ƙara masa komi sabo ba, kullum sai in ce yaya gobe, har ya koma kan littafinsa da biro. Abin da ya fi min ciwo wajen bashi ne, da yana fita daidai, bayan gyare-gyaren ya nuna jika 12 inda ake bin mutum jika 15, kuma tsohon fishiyen na rubuta a kansa.

Ƴar Adar:
Wa alaikumus salam. Wallahi kamar labarina kake ba da. Ni nan Tahoua nike, da harshen Java muka fara a lakkol, da memuwar (aikin kammala karatu) ta zo na ɗauki Python. Duk abin da na rubuta Java ne sanye da rigar Python, get kaza set kaza irin na salon Java ko'ina. Da na karanta PEP 8, ƙa'idar rubutun Python da mai ƙirƙirarsa Guido van Rossum da abokan aikinsa suka fitar a 2001, sai na zauna ina ƙirga haruffa kada layi ya wuce 79, dare ukku ina wannan da hannu. Ranar da na kai ma malamina bai ko dubi tsawon layi ba, ya ce ɗiyata danna mu gani in yana aiki. Wajen fitar da PDF bai aiki, don ban kai gare shi ba. Daga baya na san akwai Black, porogaram mai jera kod ɗin Python, ka kira shi ya jera maka komi cikin ƙiftawar ido.

Malam na Wadata:
Ƙanena Ɗan Yantala sannu, Allah ya mayar da alheri. Ka lura da abu ɗaya, sake fasali ma'anarsa ka canza tsarin kod amma abin da yake fitarwa bai canza ba. To kai da mi za ka tabbatar bai canza ba in ba ka da tes ko guda, wato ɗan kod mai gwada ko sakamako ya fita daidai? Jika 15 ɗin nan layi 3 na assert, umarnin da ke tsayawa in sakamako ya saɓa, sun isa su kama shi tun ranar farko. Kuma Git, mai adana tarihin duk canjin da ka yi wa kod, yana nan tun 2005 da Linus Torvalds ya yi shi, kyauta ne, ba ya ma buƙatar intanet in a kan kwamfutarka ne, ka yi commit, wato ka adana kod ɗin a cikinsa, duk sanda abu ya yi aiki kafin ka taɓa shi.

Sannan mai koyo idonsa yana canzawa duk sati. Kod ɗin da ka rubuta Litinin dole ya yi maka muni ran Juma'a, alamar ka ƙaru ce, ba wai sai ka koma ka rushe ba. Ni lokacin da na koyi harshen Go, da na ga sabuwar dabara sai in rubuta ta a takarda in yi amfani da ita a aiki na gaba, tsohon in bar shi yadda yake. Na kan taɓa tsohon kod ne in na ga na kwafe abu ɗaya karo na 3, ko in zan ƙara abu ya tare min hanya. Su masu Go ma sun raba gardamar jeri da gofmt, nasu mai jera kod kamar Black, kowa shi yake bi.

Mai Flutter Harobanda:
Malam na yarda amma kar yara su ji kamar an ce kar a gyara sam. Ni akasin haka ya same ni, ina koyon Dart, harshen da ake yin aplikasiyo da shi a Flutter, na yi wa wata ƙungiyar mata masu adashi aplikasiyo, na ce sai na gama zan gyara, na tara komi a fishiye ɗaya har ya haura layi 2000, setState, umarnin sabunta allo, ta ko'ina. Da suka ce a ƙara tarar wadda ta makara zubi na yi kwana 4 ina neman inda lissafin yake, sunayen ma x1 x2 na sa. Da tun farko na sa suna mai ma'ana na ware lissafin kuɗi gefe guda da ban sha wannan wahala ba.

Malam na Wadata:
Gaskiyarka, canza suna da ware lissafi daga allo aikin minti 20 ne, a yi shi nan take. Wanda nake tsoro shi ne na rushe gida don an ga sabon zane.

Ƴar Adar:
Ni yanzu ranar Lahadi kaɗai nike gyara, awa guda, in ta cika in rufe ko ban gama ba. Sauran kwanakin sabon abu nike ƙarawa.

Ɗan Yantala:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba WhatsApp na tarar ashe na taɓa tura wa yayana tsohon fishiyen a zip, yana nan. Daren nan in akwai kuran zan sa shi a Git, in rubuta tes na bashi da alƙaluman littafinsa, gobe in kai masa Katako kafin azahar. Malam in na maƙale wajen pytest, abin yin tes na Python, zan neme ka.