Neman kalma: me za mu kira "akustik" na ɗaki da Hausa?

Ƴar Malali: Assalamu alaikum. Gobe ƙarfe 10 na safe zan ɗauki shiri kan kayan sauti na gida, kalma biyu sun tsaya mini a wuya. Mutum zai zuba kuɗi ya sayo manyan lasifika, ya kafa a falo mai tayil da bango tsirara, ya ji magana tana cakuɗewa, ya ce jabu aka sayar masa, alhali laifin ɗakin ne. Wannan hali na ɗaki Turawa ke kira "akustik", jan da sauti ke yi bayan an yi shiru kuma "ribab". Me zan ce?

Mai gyaran rediyo, Kasuwar Barci: Amsa-kuwwa mana, ƴata. Da ita muka tashi.

Injiniyan sauti, Kawo: Baba, a gafarce ni, amsa-kuwwa daban take. Ita ce ka yi kira a gindin dutse muryarka ta dawo maka a rarrabe. Sauti yana cin kimanin mita 343 a daƙiƙa, sai bango ya kai nisan mita 17 kafin kunne ya raba kira da amsa. A falon mita 4 kuwa, sauti yana ta bugun bango yana komowa har ya narke. Wani masanin kimiyya, Wallace Sabine, shi ne ya fara auna wannan a Jami'ar Harvard daga 1895. Cikin dare yake kwaso kushin ɗin kujeru zuwa wani zauren lacca da ba a jin magana, yana duba agogo don ganin tsawon lokacin da sauti ke ja kafin ya mutu. Ma'auninsa shi ne lokacin da sauti zai ragu da desibel 60 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). Falo mai daɗin sauraro bai cika wuce rabin daƙiƙa ba.

Ƴar Malali: To amsa-amo fa?

Malamin Hausa, Tudun Wada: Kul. Amsa-amo ta masu nazarin waƙa ce, ƙafiya ke nan, akwai na ciki akwai na waje. Ita ma amsa-kuwwa an riga an ɗora mata lasifika, kada a ƙara mata kaya. Ni ga tawa: jelar amo. Sauti ya wuce, jelarsa tana biye. Ɗaki mai tayil doguwar jela, mai labule da kafet gajeriya. Shekara biyu ina faɗa wa ɗalibaina, ba wanda ya nemi ƙarin bayani.

Bakano a Barnawa: Jela ta dabba ce, Malam. Kuma tun farko me ya kawo "lasifika" da "tayil" cikin tambayar? Wannan ita ce Hausar Kaduna, rabi Turanci. A kai maganar Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero, su ke da hurumi.

Mai gyaran rediyo, Kasuwar Barci: Yaro, tun 1962 gidan rediyon Kaduna ke watsa Hausa, har ƙasashen maƙwabta ana kamawa. Kalmomi nawa kuka fara ji daga bakin masu labarai na garin nan? Kuma Zariya tana jihar wa?

Malamin Hausa, Tudun Wada: Lasifika ta zama Hausa kamar yadda mota ta zama. Jela kuwa, tauraro mai wutsiya dabba ne?

Bakano a Barnawa: Wutsiya ka ce, ba jela ba.

Ƴar Malali: Don Allah iyayena, gobe ne fa.

Injiniyan sauti, Kawo: Ƙanwata, ga abin da ya fi muhimmanci ko da wace kalma. A janye lasifika daga kusurwa, nan ne sauti mai kauri, irin na babbar ganga, ke taruwa ya zama rugugi. Tazarar lasifika biyu ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa mazaunin mai sauraro, kamar duwatsun murhu, su kuma kai tsayin kunne. Kada kujera ta manne da bangon baya. A shimfiɗa kafet, a rataya labule mai kauri. Ki gargaɗe su kan kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango, amfaninsa kaɗan ne kuma yana saurin kama wuta. Na sha ganin ƙaramin kaya a ɗakin uwargida mai katifa da labule ya fi na alhaji a falo daɗin ji. Abin da katifa ke yi, mu a wurin aiki "shan amo" muke cewa, kamar yadda ƙasa ke shan ruwa.

Bakano a Barnawa: Shan amo Hausa ce. Wannan na yarda.

Ƴar Malali: Alhamdu lillahi. Akustik zan ce "amon ɗaki", don ina son kalmar ta nuna ɗakin da yatsa. Shan amo ta zauna, rugugi ma. Ribab ce ta rage. Zan faɗi jelar amo sau ɗaya in ji me masu kiran waya za su ce.

Malamin Hausa, Tudun Wada: Sau ɗaya ba ya kafa kalma, amma to.

Bakano a Barnawa: Ki dai ce "abin da wasu ke kira". Ni "jan amo" zan ci gaba da faɗa.